Tambayoyinku: Farauta da Na'urar GPS

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun fi karkata ga ƙaramar na'urar GPS da mafarauta ke ratayawa idan za su shiga daji. Mun zaɓi shida. Wasu mun taƙaita su, wasu kuma mun haɗe su domin tambayarsu ɗaya ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Garmin eTrex don in daina ɓata a daji. Ranar da na fara fita da ita na ajiye babur a bakin hanya na shiga. Da rana ta yi sanyi sai na ciro ta daga jaka na kunna don ta mai da ni. Ba ta nuna mini komai ba sai lambobi da wani ɗan tsini a tsakiyar allo. Da ƙyar na fito. Ko dai lalatacciya aka sayar mini?
Daga wani sabon mafarauci

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, na'urarka lafiyarta ƙalau. Abu ɗaya tak ta sani da kanta, wato inda take a daidai wannan lokaci. Inda ka bar babur kuwa ba ta taɓa ganinsa ba, don tana kashe a cikin jaka lokacin da ka sauka. Ka tambaye ta hanyar gidan da ba ta taɓa zuwa ba.

Aikin yakan fara ne tun kana tsaye kusa da babur. Kunna ta, ka ɗora ta inda sararin sama yake a buɗe, ka ba ta lokaci ta kama taurarin ɗan'adam. Idan jiya ka yi aiki da ita a yankin, ba za ta kai minti ɗaya ba. Idan ta yi watanni a ajiye, ko ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da ita a kashe, za ta iya ɗaukar mintuna da yawa, kuma tafiya da ita a hannu a wannan lokaci ƙara jinkirta ta yake yi. A shafin taurari akwai wata lamba da ke nuna yawan kuskuren da take zaton tana yi. Jira har ta sauko mita 5 ko ƙasa da haka.

Daga nan sai ka sa alama. A eTrex za ka ga Mark Waypoint a babban shafi, a na'urorin Garmin na jerin GPSMAP 64 kuma akwai maɓalli na musamman da aka rubuta MARK a kansa. Na'urar za ta raɗa wa wurin suna da lamba, 001 ko 014 ko makamancin haka. Kada ka bar shi a haka. Goge, ka rubuta BABUR. Da dare, ga gajiya ga ƙishirwa, ba wanda zai tuna ko 014 ne babur ko kuwa mashayar da ya gani da hantsi. Idan akwai BABUR na makon jiya, share shi tukuna, don mutum kan bi tsohuwar alama har kilomita biyu kafin ya farga.

Abu na biyu shi ne sawu. Muddin na'urar tana kunne, tana zuba ɗigo-ɗigo a duk inda ka taka, su ne ke haɗuwa su zama layi a allo. Share tsohon sawu kafin ka ɗaga ƙafa, in ba haka ba za ta ja miƙaƙƙen layi daga inda ka kashe ta a baya zuwa inda kake, lissafin nisan tafiyarka ma ya ruɗe. Ka kuma duba yadda take zuba ɗigon. Yawancin irin taka suna ɗaukar ɗigo 10,000 a sawu guda. In ka saita ta tana zubawa kowane sakan, kafin awa uku ta cika, kuma akwai tsofaffin samfura da idan sun cika sai su fara share farkon sawun, wanda shi ne daidai ɓangaren da zai kai ka babur. Bar ta a kan Auto, wato ta zaɓi tazarar da kanta, ko ka sa tazarar sakan 10, wadda za ta ishe ka yini da kwana.

Rataye ta a saman maratayin jaka, wajen kafaɗa. Aljihun wando da ƙasan jaka ba wurinta ba ne, domin jikin mutum kansa yana tare siginal. Kana tafiya kana ƙara alama a duk inda hanya ta rabu, da inda ka tsallake rafi, da wurin da ka yi kwanto.

Komawa iri biyu ce, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Idan ka zaɓi BABUR ka ce ta kai ka, kibiya za ta nuna maka shi kai tsaye, kamar yadda tsuntsu zai tashi. Ba ruwanta da kwazazzabo ko fadama ko sarƙaƙiyar da ke tsakani. Wannan ya yi da rana a fili. Ɗaya hanyar ita ce wadda Garmin ke kira TracBack, inda take juya sawunka ta bi da kai ta inda ka biyo. Ta fi tsawo, amma ƙasa ce da ƙafarka ta riga ta taka. Da duhu, ko a wurin da ke da duwatsu da ramuka, ita za ka bi ko da za ta ƙara maka awa guda.

Sannan ba a fafe gora ranar tafiya. Gwada duk waɗannan a filin da ka sani kamar tafin hannunka, sau uku ko huɗu, har ɗaya da dare, kafin ka dogara da ita a daji.

Tambaya: Idan na tsaya in duba hanya, sai kibiyar ta riƙa juyawa, yanzu ta nuna gabas an jima ta nuna yamma. Wace zan bi?
Daga wani mai karatu

Amsa: Kada ka bi ko ɗaya muddin kana tsaye. Na'urorin da ba su da kamfas a ciki, irin eTrex 10 da eTrex 22x, suna gane inda ka dosa ne ta hanyar gwada inda kake yanzu da inda kake ɗazu. In ka tsaya cik, ba abin da za ta gwada sai ɗan kuskurenta na mita biyu-uku da ke kai da kawowa, shi ne take ɗauka tafiya ce. Yi taku goma zuwa goma sha biyar a miƙe, kibiyar za ta nutsu.

Masu kamfas na maganaɗisu a ciki, kamar eTrex 32x da GPSMAP 64sx, suna nuna hanya ko kana tsaye, amma suna da nasu ciwon. Sai an riƙa daidaita su: bayan canja batir, bayan doguwar tafiya, da kuma idan yanayin zafi ko sanyi ya sauya sosai. Umarnin yana shafin kamfas, za ta ce ka jujjuya ta a hankali har ta ce ta gama. Ka yi wannan nesa da mota da wayoyin lantarki. Abin da mafarauta suka fi mantawa shi ne bindiga. Bututunta ƙarfe ne, kuma in ka riƙe na'urar a jikinsa zai ja kamfas ɗin ya karkace. Wuƙa da tocila mai maganaɗisu a gindi su ma haka. Rataye bindigar a baya, ka miƙa hannu gaba, sannan ka karanta.

Shawarar da muka fi so a nan ita ce ka haɗa da ƙaramin kamfas na hannu. Na'urar ta ce maka babur yana digiri 240, nisa mita 1,800. Saita 240 a kamfas, ka hango wata bishiya ko dutse a kan layin, ka mai da na'urar mazauninta, ka tafi idonka a ƙasa da gabanka. In ka isa bishiyar sai ka sake dubawa. Mai tafiya yana kallon allo shi ke taka maciji.

Amma ka lura da abu guda. Arewar taswira da arewar da allurar kamfas ke nunawa ba ɗaya ba ne, kuma bambancinsu ya danganta da inda kake a duniya. A saitin na'urar akwai wurin zaɓar wadda za ta riƙa lissafi da ita. Tunda da kamfas na hannu za ka bi, zaɓi ta maganaɗisu. Kaucewar digiri ɗaya tana raba ka da wurin da ka nufa da kusan mita 17 a kowane kilomita, ka ga digiri biyar a tafiyar kilomita biyu ya kai mita 175.

Tambaya: Na harbi barewa da yamma ta shige kurmi. Na sa alama a inda na ga jini na ƙarshe, na dawo da asuba. Na'urar ta ce na iso, amma na yi ta zagaye ban ga jinin ba. A bakin kurmin tana nuna kuskuren mita 3, a ciki kuwa har 18. Me ke jawo wannan?
Daga wani tsohon mafarauci

Amsa: Baba, ganye ne da kututture suka yi maka wannan. Taurarin GPS na Amurka suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana. Na'urarka tana auna tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso ta, kuma tana buƙatar aƙalla huɗu kafin ta fitar da wuri da tudu. Saƙon da saurin haske yake tafiya, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan daidai yake da mita 300 a ƙasa. Kafin ya iso ya riga ya yi rauni ƙwarai. Gajimare da ruwan sama ba su cika damunsa ba, amma jiƙaƙƙen ganye mai kauri yana shanye shi, dutse kuma yana tare shi ko ya mai da shi kamar amsa-kuwwa. Saƙon da ya bugi dutse ya dawo ya yi doguwar hanya, sai na'urar ta ɗauka kana wani wuri dabam. Shi ya sa gindin tsauni da cikin kwazazzabo suka fi ko'ina ruɗa ta.

Kuma kuskuren sau biyu ya hau kanka. Jiya da kake sa alamar ta kauce, yau da kake nemanta ta sake kaucewa, ba lallai ta gefe ɗaya ba. Mita 18 jiya da 18 yau na iya raba ka da jinin da fiye da mita 30, wanda a cikin kurmi tafiya ce.

A da ma abin ya fi haka. Kafin watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata siginal ɗin farar hula, har kuskure yakan kai mita 100. Tun da aka cire wannan, mita 3 zuwa 5 ne a fili.

Abin da za ka iya yi: shiga saiti ka ƙara mata taurarin GLONASS na Rasha ko Galileo na Tarayyar Turai idan tana karɓarsu. Yawan taurari yana nufin ko ta ɗan ramin da ke tsakanin rassa za ta hango wasu. Zai ɗan ƙara cin batir, amma a kurmi ya biya kuɗinsa. Sababbin samfura irin GPSMAP 65 da 67 suna sauraron zango biyu daga tauraro guda, wannan na taimaka musu su ware saƙon da ya bugi dutse. Ka kuma riƙe ta yadda eriyarta ke so: mai ɗan ƙaho a sama a tsaye, eTrex kuwa kusan a kwance fuskarta na kallon sama. Kafin ka danna alama, tsaya minti ɗaya ba motsi.

Wurin da za ka riƙa komawa, kamar mashaya ko wurin kwanto, yi masa abin da ake kira Waypoint Averaging, wato na'urar ta auna sau da yawa ta ɗauki matsakaici. Garmin na ba da shawarar awo huɗu zuwa takwas, da tazarar aƙalla minti 90 tsakaninsu, don taurarin su sauya mazauni.

Game da dabbar da ta ji rauni, alama uku ake sawa, ba ɗaya ba: inda ka tsaya ka yi harbin, inda dabbar take lokacin da harsashi ya same ta, da inda ka gan ta ƙarshe. Ta farkon ka sa ta kafin ka gusa ko taku ɗaya, domin da zarar ka bar wurin duk bishiyoyi sai su koma iri ɗaya. Idan akwai rafi tsakaninku da zai sa ka zagaya, auna digirin da kamfas, ka kimanta nisan da ido, ka shigar a Project Waypoint, za ta dasa alama a can tun ba ka je ba. Kana bin jini kana ƙara alama kowane mita 30 ko 40. In jinin ya yanke, dubi allo: layin alamomin zai nuna maka inda dabbar ta karkata, sau da yawa wajen ruwa ko duhuwa. Sai dai mita 20 na ƙarshe aikin ido ne. Ɗaura farin ƙyalle a reshe daidai kan jinin, a tsayin fuskarka. Na'ura ta kai ka unguwa, ƙyalle ya nuna maka gida. In ka gama ka kwance shi.

Tambaya: Abokina ya karanto mini lambobin wurin da yake jirana ta waya. Na shigar da su daidai, amma na'urar ta ce yana nesa da ni da kilomita ashirin da wani abu, alhali ina jin harbinsa. Waye ya yi kuskure a cikinmu?
Daga wani mai karatu

Amsa: Mai yiwuwa ba wanda ya karanta ba daidai ba, na'urorinku ne ba harshe ɗaya suke yi ba. Ana rubuta lambobin wuri ta hanya uku: digiri da ɗigo, digiri da minti mai ɗigo, ko digiri da minti da sakan. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, an raba shi minti 60. Minti ɗaya mita 1,852 ne, sakan ɗaya kuma kusan mita 31.

Ɗauki misali. Tasa ta nuna digiri 8 da minti 30, ya ce maka "takwas, talatin". Kai kuma taka tana kan digiri da ɗigo, ka rubuta 8.30. Minti 30 rabin digiri ne, wato 8.50. Bambancin 0.20 sau kilomita 111 ya ba da kilomita 22, ga ashirin da wani abun naka nan. Wannan ma da sauƙi, don girman kuskuren ya tona kansa. Wanda ya fi haɗari shi ne ƙarami: minti 30.50 ba minti 30 da sakan 50 ba ne, minti 30 da sakan 30 ne. Sakan 20 da ke tsakani sun haura mita 600, nisan da ba zai sa ka yi shakka ba amma zai hana ku ganin juna.

Maganin a gida ake yinsa. Duk waɗanda za su fita tare su buɗe Position Format su zaɓi tsari ɗaya, su kuma tabbatar ma'aunin da ke ƙarƙashinsa WGS 84 ne, wanda GPS kanta ke aiki da shi. Tsofaffin taswirorin takarda da yawa a kan wasu ma'aunai aka zana su, an rubuta a gefen taswirar, kuma bambancin na iya kai mita ɗari ko biyu. Ku tsaya wuri ɗaya ku gwada allonku, in lambobin sun yi kusan ɗaya to kun daidaita. Mu dai mun fi son tsarin UTM ga masu tafiya a ƙasa, don da mita yake ƙirga. In lambar gabas ta abokinka ta fi taka da 400, to yana gabas da kai da mita 400, ba sai an yi wani lissafi ba.

Idan ana karantawa ta waya ko rediyo, a karanta lamba ɗaya-ɗaya, a faɗi ɗigo inda yake, mai saurare ya maimaita. Saƙon tes ya fi.

Tambaya: A kwali an rubuta batir yana awa 25, ni kuwa ko yini ba ya kai mini.

Amsa: Awa 25 ɗin ba da fitilar allo a kunne kullum ake samunsu ba. Fitilar allo ita ce babbar mai shan batir. Rage ta, ka sa ta mutu bayan sakan 15. Da rana ma ba ka buƙatarta, allon waɗannan na'urori ya fi fitowa a hasken rana. Sai ka gaya mata irin batirin AA da ka sa, alkalin ne ko mai caji na NiMH ko litiyam, in ba haka ba ma'aunin zai nuna a cike sannan ta mutu maka farat ɗaya. Litiyam ya fi daɗewa, ya kuma fi jure sanyi. Kada ka haɗa sabo da tsoho. Riƙe sababbi huɗu a leda, ka canja tun da sauran haske, ka kashe ta kafin ka buɗe. Alamominka ba za su goge ba. Wajen rufewa duba robar murfin, ita ce ke sa na'urar jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, kuma ƙwayar yashi ɗaya a kanta ta isa ta ɓata wannan. In za ka ajiye ta fiye da wata, cire batiran, alkalin yana yoyo ya cinye ƙarafan ciki.

Tambaya: Ina da tambaya biyu. Wayata tana da GPS, me zai sa in sayi wata na'ura? Na biyu, idan wani abu ya same ni a daji, iyalina za su iya ganin inda nake?
Daga wani mai karatu

Amsa: Waya tana kama taurari ko babu sabis, abin da ke buƙatar intanet taswirar ce. In ka sauke taswirar yankin tun a gida, ka sa wayar a yanayin jirgin sama don ta daina wahalar neman sabis, za ta yi maka gajeriyar fita. Inda na'urar hannu ta fi ta: ana canja mata batir a cikin daji, tana da maɓallai da ke aiki da jiƙaƙƙen hannu, tana jure faɗuwa, kuma ba ta cinye cajin abin da za ka kira taimako da shi.

Tambaya ta biyu ita ce mai muhimmanci, amsarta kuma a'a ce. Na'urar GPS ta yau da kullum saurare kawai take yi, ba ta aika komai, kuma tauraron bai san kana nan ba. Masu aika saƙo wasu ne dabam, irin Garmin inReach da ke bi ta taurarin Iridium, sai an yi rajista ana biya, wasu ƙasashe kuma kamar Indiya sun hana shiga da su ba izini. In ba ka da irinta, bar takarda a gida mai ɗauke da lambobin inda za ka ajiye abin hawa, da ɓangaren da za ka dosa, da lokacin da in ya wuce ba ka dawo ba a fara nemanka.

Wani mai karatu ya haɗo da tambayar ko zai iya dogara da layin iyakar gandun daji da yake gani a allo, don kada ya shiga inda aka hana farauta. Kada ya matsa kusa da shi. Layin na iya zama tsoho ko an zana shi a gurguje, ga kuma kuskuren na'urar a kai, mai gadin daji kuwa da turakun da ke ƙasa zai yi maka hukunci. Nemi iyakar daga hukumar da ta ba ka lasisi, ka je da rana ka sa alama a kan turakun da kanka, sannan ka kunna wa kowace alama ƙararrawar kusanci ta mita 100. Da ka ji ta yi ƙara, ka juya, ka kuma tuna dabbar da aka harba a mita 100 daga iyaka takan iya tsallake ta kafin ta faɗi.